Hanyar Kano zuwa Kwangwalam ta Daura: Tafarkinta da Tarihinta

   

Gabatarwa

Galibin waɗanda suka ɗauki alƙalami don yin rubutu a kan Daura, da rijiyar Kusugu suke farawa, su bi ta kan Daurama da Bayajidda da Hausa Bakwai, sa'an nan su gangaro zuwa jerin sarakuna. Kuma ba laifi suka yi ba, gama nan ne martabar garin take. Amma da yake gari ba ya rayuwa da asali kaɗai, sai da abin da ke shigowa cikinsa da abin da ke fita, na ga ya kyautu a wannan maƙala mu dubi hanyar da ta ratsa masarautar daga kudu zuwa arewa, watau wadda ta taso daga Kano, ta bi ta Ɗambatta da Kazaure, ta shiga Daura, ta wuce Mai'aduwa, ta tuƙe a Kwangwalam bakin iyakar Nijar.

Da'awar wannan maƙala ɗaya ce. Tun fiye da shekara ɗari, duk sa'ad da mahukunta suka zauna tsara sha'anin wannan yanki, gabas da yamma suke jan layinsu, alhali kuwa fatauci da auratayya da neman ilimi na mutanen Daura kudu da arewa suke tafiya, tsakanin Kano da Damagaram. Saboda haka lafiyar wannan hanya ba ga kaurin kwaltarta kaɗai ta rataya ba, ta fi rataya ga abin da ake yi da ƙofar da ke ƙarshenta.

Inda hanyar ta bi

A lissafin gwamnatin tarayya, wannan hanya ita ce wutsiyar babbar hanyar da ake kira A2, wadda ta taso daga wajen Fatakwal ta ratsa Warri da Benin da Lokoja da Abuja da Kaduna da Zariya kafin ta iso Kano. Ɓangaren da muke magana a kai yana rabuwa da hanyar Katsina ne a Dawanau, inda babbar kasuwar hatsin nan take, kuma daga nan zuwa Kwangwalam kimanin kilomita 130 ne. Ga mai bin mazhabar Imamu Malik, wannan tafiya ta zarce baridi huɗu, watau mil 48 da Risala ta ambata, don haka matafiyi yana da rangwamen yin ƙasaru ko da motar da ya shiga za ta kai shi cikin awa biyu.

Daga Dawanau hanyar tana ratsa ƙasar Kano mai yawan jama'a, inda gona ke haɗe da gona, har zuwa Ɗambatta, mazaunin Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano. Da an wuce nan kaɗan sai a shiga Jihar Jigawa, ƙasa ta fara tudu da gangare, duwatsun Kazaure su bayyana a gefen hanya. Bayan Kazaure kuma sai duwatsun su ƙare, a faɗa cikin jigawa mai rairayi, ƙasar gero da wake da riɗi, inda gawo ya fi kowane itace yawa a gonaki, kuma manomi ba ya sare shi, domin da damina yake kaɗe ganye ya bar wa shuka rana, da rani kuma ya ba dabba abinci. A nan ne ake shiga masarautar Daura ta ƙasar Sandamu. Cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar, uku suna kan wannan hanya, Sandamu da Daura da Mai'aduwa. Sauran biyun, Zango da Baure, suna gabas, sai an ratse daga Daura ake isa gare su. A Daura ɗin kuma hanyar Katsina ta iske ta daga yamma, ta Mashi.

Ga wanda ya ƙetare Kwangwalam, hanyar ba ta ƙare ba, suna kawai ta sake: ta nufi Matamaye da Kance, ta haɗu a Takeita da babbar hanyar da ta taso daga Yamai, sa'an nan ta shiga birnin Damagaram. Daga can kuwa sai Agadas da Arlit da Tamanrasset, har bakin Bahar Rum a Aljeriya.

Zamanin ayari

Kafin a san mota, tafiyar da muke yi yau tsakanin hantsi da azahar, ayarin jakuna kan yi ta cikin kwana biyar ko shida, domin ba a kan tsananta wa dabba mai kaya. A tashi da asuba, a yada zango kafin rana ta take, a sauke mangala, a shayar da dabbobi, mata su fito daga ƙauyen kusa da fura da tuwo na sayarwa. Madugu ne uban tafiya, shi ke sanin rijiyar da ke da ruwa a kowane wata, shi ke gaida sarkin kowane gari da abin da ya sawwaƙa, shi ke ciniki a kan kuɗin hanya. Jagaba yana gaba yana duba lafiyar daji, wani kuma yana baya yana tattara waɗanda suka gaza. Daga arewa ana sauko da gishirin Bilma da kanwa da mangul da dabino da fatu da dabbobi. Daga kudu ana hawa da hatsi da goro da tufafin Kano, musamman turkuɗin Kura, wanda Buzaye ba sa ganin rawani ya cika sai da shi. Bayan fatake kuma akwai almajirai masu tafiya gabas neman karatun Alƙur'ani da rani, da maniyyata aikin hajji.

Kada dai a zaci turba ɗaya ce tilo. Tsakanin Kano da Damagaram turbobi ne da yawa, wata ta Daura, wata ta Babura da Magarya, wata ta Gumel, kuma abin da ke sa madugu ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya shi ne ruwa da aminci. Aminci kuwa ya yi ƙaranci a wannan yanki cikin ƙarni na 19. Wajen 1805 Malam Isyaku, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu, ya ci birnin Daura, sarkinta na Haɓe, Sarkin Gwari Abdu, ya fita, zuriyarsa kuma daga baya ta kafa sarauta a Zango da Baure ƙarƙashin inuwar Damagaram. A 1819 Ɗantunku ya yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo tawaye, daga nan masarautar Kazaure ta samu. Damagaram ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimu, wanda har igwa aka ƙera masa a birninsa, kuma a ƙarshen ƙarnin sarkinta Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi har Gezawa. Ashe ke nan bafataken da ya bar Kano ya nufi Damagaram ta Daura, a cikin 'yan kwanaki kaɗan zai taka ƙasar Kano, da ta Kazaure, da ta Daurar Fulani, da ta Daurar Haɓe, da ta Damagaram, kowace da nata hakimi mai jiran gaisuwa. Wanda yake son bayanin yadda Daura ta kasu uku a wannan zamani, littafin M. G. Smith na 1978 a kan al'amuran Daura ya wadatar.

Abin lura a nan shi ne, duk da wannan yamutsi fataucin bai yanke ba, domin sarakunan da ke gaba da juna kowannensu yana bukatar gishiri da doki da tufafi, kuma kowannensu ya san kuɗin hanya ba ya samuwa in ayari ya daina zuwa. Malaman jihadi ma ba su bar wannan babi ba tare da hukunci ba. Shehu Usmanu, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa karɓe-karɓen da sarakuna ke yi wa talakawa da 'yan kasuwa ba bisa shari'a ba cikin alamomin mulkin zalunci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya gyaran hanyoyi da kasuwanni da gina gadoji cikin wajiban shugaba. Wannan ma'auni biyu, a gyara hanya kuma a sauƙaƙa wa mai binta, da su nake so mu auna duk abin da ya biyo baya.

Yadda aka ja iyaka

Ingila da Faransa sun fara raba wannan ƙasa a kan takarda tun 1890, da layin da suka ja daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin Tafkin Cadi, tun ba wanda ya taka ƙasar a cikin masu jan layin. Suka sake zama a 1898. Faransawa suka ci Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903. Sa'an nan Faransawa suka tarar da cewa rabon da aka yi ya bar su da hamada, ba su da turba mai rijiyoyi da za ta kai sojansu da kayansu daga Kwara zuwa Damagaram da Cadi. A kan wannan kuka ne aka gyara iyakar a 1904 da 1906, aka tura ta kudu, kuma tsakanin 1906 da 1908 wakilan ɓangarorin biyu, Tilho da O'Shee, suka bi ta suna kafa turaku.

A lura da kyau: iyakar nan saboda hanya aka gyara ta, amma hanyar Faransawa ce mai tafiya daga yamma zuwa gabas, kuma don a ba ta wuri aka datse ta Hausawa mai tafiya daga kudu zuwa arewa. Tsohuwar ƙasar Daura ta rabu biyu, wani yanki ya faɗa hannun Faransa. A ɓangaren Ingilishi kuma, tsakanin 1904 da 1906, Turawa suka yi abin da ba su saba yi ba a sauran masarautu, suka ɗauko Malam Musa daga gidan Haɓe na Zango suka mai da shi Sarkin Daura, wanda zuriyarsa ke kan gadon har yau.

Gyaɗa da zuwan mota

Abin da ya mai da turbar jakuna ta zama hanyar mota gyaɗa ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma tun daga kakar 1912 manoman Kano suka rungumi noman gyaɗa fiye da yadda Turawa suka zata, su da suka sa rai ga auduga. Jigawar Kazaure da Daura da Matamaye da Magarya kuwa ita ce ainihin ƙasar da gyaɗa ke so. Da farko jakuna da raƙuma ne ke kai buhunan tashar jirgi. Da manyan motoci suka fara yawa sai ya zama tilas a share turba, a faɗaɗa ta, a zuba burji a inda rairayi ke kama ƙafar mota, a yi kwalbati a bakin ƙoramu. En'e ce ke wannan aiki da kuɗin baitulmali, kuma a farkon zamani da ƙarfin talakawa: hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya aika wa mai unguwa, a fito da majiya ƙarfi da fartanya da kwando. Yawancin irin waɗannan hanyoyi na rani ne, da ruwa ya sauka sai a hana manyan motoci bi don kada su kwaɓe su. Duk wanda zai yaba wa Turawa a kan hanyoyin Arewa, adalci ne ya tuna da wanda ya ɗauki burjin a ka.

A wancan zamani, a kakar gyaɗa, kowane babban gari da ke kan hanyar yana da filin awo, inda akawun kamfani ke zaune gaban sikeli, 'yan baranda suna tare manoma tun daga bakin gari, 'yan dako suna jera buhu kan buhu har motar Kano ta zo. Dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita, ba gonakin Kano kaɗai suka tara ta ba. Akwai gumin Daurawa a ciki, akwai kuma na mutanen Damagaram, domin tashar jirgin Kano ita ce mafi kusa da su, ta nan gyaɗarsu ke bi zuwa Ikko. Wannan bai yi wa Faransawa daɗi ba, shi ya sa a 1953 suka ƙirƙiro wani shiri na tallafa wa motoci su kwashi gyaɗar Nijar su yi yamma da ita zuwa tashar jirgin Paraku a Dahomey, daga nan zuwa Kwatano. Duk da haka gyaɗar gabashin Nijar mai yawa ta ci gaba da bi ta Kano, kuma duk shekarar da farashin wani ɓangare ya ɗara na ɗaya, sai buhuna su ƙetare iyaka da dare a bayan jaki. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 su suka rufe wannan babi.

Wani ɗan abu da matasa ba su riska ba: har zuwa watan Afrilu na 1972 hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, Nijar kuwa hannun dama, saboda haka direban da ya iso iyaka sai ya sake hannu a tsakiyar tafiya.

A gefen mulki kuma an sake jan layi daga gabas zuwa yamma. Daura tana cikin Lardin Kano ne har 1934, lokacin da aka kafa Lardin Katsina aka haɗa ta da shi. Daga nan ta bi Katsina zuwa Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976, har aka ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987. Kazaure ta koma Jigawa a 1991. Sakamakon haka, takardar ma'aikaci da ƙarar mai ƙara Katsina suke nufa, amma buhun ɗan kasuwa har gobe Kano yake nufa. Hanyar da ba ta fi tafiyar awa biyu ba kuma ta zama tana ratsa jihohi uku, mallakarta na hannun tarayya, ba gwamnan da zai ce tasa ce.

Hanyar a yau

Wanda yake son ya ga abin da hanyar nan ke ɗauka, ya je Mai'aduwa ranar Lahadi. Tun daren Asabar garkunan shanu da raƙuma da tumaki ke shigowa daga arewa, a ƙasa, makiyaya na biye da sanda a kafaɗa. A kara, dillali ya kama hannun mai saye su ja gefe, a yi tayi, a ce albarka, a sake tayi, har a sallama, a ba shi la'adarsa. 'Yan canji na zaune da damin naira da na sefa, suna lissafi da ka. Da la'asar tirela ta ja baya ta jingina da tudun lodi, samari su riƙa murɗa wutsiyar sa suna tura shi ciki, a ɗaure ƙaho da ƙaho, wasu su hau saman katako su zauna, ba za su sauka ba sai Ikko ko Fatakwal. Motocin da suka kawo masara da kayan masarufi daga Dawanau da Kano su kuma su juye wa 'yan Nijar. Ciniki ne irin na zamanin madugu, dabba ta yi kudu, hatsi da tufafi su yi arewa; ƙafar da ke ɗauke da shi ce kawai ta sake.

Sau biyu cikin 'yan shekarun nan aka gwada mana abin da ke faruwa in an rufe ƙofar. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur, a watan Nuwamba kuma ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, dokar da ta faɗa kan talakan Mai'aduwa da bai taɓa fitar da ko galan ɗaya ba. Ba a fara buɗe iyakokin ba sai Disamba 2020. Sa'an nan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa bisa takunkumin ECOWAS, har zuwa Maris 2024. A duka lokutan biyu kwalta tana nan lafiya lau, amma kasuwa ta yi sanyi, direba da ɗan dako da mai abinci a tasha suka rasa na cefane, kaya kuma suka koma bin barauniyar hanya a kan babura, inda ba gwamnatin da ke samun ko kwabo. Ba ina musun haƙƙin hukuma na tsare iyakarta ba ne. Abin da nake cewa shi ne, ƙa'idar malamanmu ita ce a auna maslaha da mafsada kafin a zartar, kuma mafsadar a nan ta sauka ne a kan mutanen da ba a shawarce su ba. Ko a lokacin da iyakar ke buɗe ma, yawan shingayen da ke tsakanin Kwangwalam da Kazaure, da abin da direbobi ke cewa ana karɓa a wurinsu, ya isa ya tuna wa mai karatu abin da Shehu ya yi inkari a kai.

A zamanin mulkin marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daura, an ɗauko manyan ayyuka uku da suka shafi wannan tafarki. A Disamba 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a Daura. A Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo na kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil. A 2023 kuma aka ƙaddamar da aikin tagwaita hanyar daga Dawanau zuwa Kwangwalam, wanda kamfanin BUA ya ɗauka bisa tsarin nan na yin hanya a madadin biyan haraji. Duka ayyukan alheri ne. Amma a dubi taswirar layin dogon: ya bi Ɗambatta da Kazaure kafaɗa da kafaɗa da hanyarmu, da ya iso Daura sai ya karkata yamma zuwa Mashi da Katsina da Jibiya, ya bar Damagaram a inda take. Ke nan ko bayan jirgi ya fara tafiya, duk abin da zai tashi daga Damagaram da Agadas zuwa Kano ta wannan kusurwa, a kan tayar mota zai bi ta Kwangwalam.

Saboda haka kirana ga hukumomi uku ne, kowace da nata. Gwamnatin tarayya, in har ta yarda a kashe dukiya mai yawa a tagwaita hanyar, to ta zauna da ta Nijar a tsara yadda ɗan kasuwa mai halal zai ƙetare da takarda ɗaya da biya ɗaya, a kuma rage shingaye. In ba haka ba, an faɗaɗa zaure ne an bar ƙofar gida a kulle. Gwamnatin Jihar Katsina ta mai da hankali ga ƙananan hanyoyin da ke fito da amfanin gona daga ƙauyukan Zango da Baure da Sandamu zuwa bakin kwalta, domin waɗannan nata ne, ba ta da wanda za ta jira a kansu. Majalisar masarauta da jami'o'inmu kuma su tura ɗalibai su ɗauki bayanin tsofaffin direbobi da dillalai da jikokin madugai na garuruwan da ke kan hanyar, a rubuta sunayen zangon da rijiyoyin da ayari ke sauka, tun masu sanin suna raye.